DOGON BUGU KO GAJEREN FASIN: WANNE YA DACE DA ƘUNGIYAR ƘWALLON KWALEJI?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili da la'asar yana kallon ɗalibai na buga tamaula a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san kiran nan da 'yan kallo kan yi da zarar ƙwallo ta faɗo ƙafar ɗan baya: "Buga gaba!" Shi kuwa mai horarwa sau da yawa cewa yake yi a kwantar da ita ƙasa, a yi ta miƙa wa juna. Wannan jayayya ba ta bakin fili ba ce kawai. Masana lissafi da na kimiyya sun shafe fiye da shekara 70 suna bincike a kanta. Tambayar ita ce, shin ƙungiyar makaranta, irin ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da aka kafa a Talata Mafara a 1992, ko ta kwalejin aikin gona da ke Bakura, ya kamata ta gina wasanta kacokan a kan dogon bugu?

Asalin Ra'ayin

A 1950 wani hafsan sojan sama na Ingila mai suna Charles Reep ya fara zama a filin wasa da takarda da fensir, yana rubuta yawan fasin da aka yi kafin kowace ƙwallo ta shiga raga. A 1968 shi da wani masanin ƙididdiga, Bernard Benjamin, suka wallafa sakamakon. Sun gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙwallayen da ake ci suna zuwa ne bayan fasin uku ko ƙasa da haka, kuma a kan ci ƙwallo ɗaya a cikin kimanin hari goma da aka kai wa raga. Daga nan Reep ya yanke hukunci cewa yawan miƙe-miƙe ɓata lokaci ne: a jefa ƙwallo gidan abokan karawa da gaggawa, a bi ta da gudu.

Ra'ayin ya samu karɓuwa, ya kuma haifar da nasarori. Graham Taylor ya ɗauki ƙungiyar Watford a rukuni na huɗu a 1977, ya kai ta matsayi na biyu a babbar gasar Ingila a 1983. Wimbledon ta doke Liverpool da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na kofin FA a 1988. Ƙasar Nowe kuma, a hannun Egil Olsen, ta doke Brazil da ci 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 1998.

Sai dai akwai lam'a a lissafin. A wasan ƙwallo, mafi yawan hare-hare dama gajeru ne, domin ƙwallo kan kuɓuce da wuri. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mafi yawan ƙwallaye su fito daga gajerun hare-hare. Kamar a ce mafi yawan masu sayen hatsi a kasuwar Talata mutanen yankin ne. Wannan bai nuna cewa sun fi baƙi kuɗi ba, yawa kurum suka fi su. A 2005 Mike Hughes da Ian Franks suka sake duba wasannin kofin duniya na 1990 da 1994, suka kwatanta kowane irin hari da yawan faruwarsa. Sai ya bayyana cewa harin da aka gina da fasin mai yawa ya fi kaiwa ga bugun raga, musamman a wajen ƙwararrun ƙungiyoyi.

Abin da Ke Faruwa da Ƙwallo a Sama

Ƙwallon da doka ta amince da ita tana da nauyin giram 410 zuwa 450, kewayenta kuma santimita 68 zuwa 70. Idan ɗan wasa ya buga ta da saurin mita 25 a daƙiƙa, ya ɗaga ta digiri 45 daga ƙasa, lissafi ya nuna da babu iska da za ta yi tafiyar kusan mita 64. Amma iska na turje mata, har ta rage tafiyar zuwa wajen mita 40. Za ta kuma yi kimanin daƙiƙa uku a sama.

Mai karatu ya lura da waɗannan daƙiƙoƙi uku. A cikinsu ɗan baya mai matsakaicin gudu yana iya cin mita 15 ko fiye. Ga shi kuma yana fuskantar ƙwallon, alhali ɗan gaba ko dai ya juya wa raga baya, ko yana gudu yana waiwaye. Sannan ƙaramin kuskure girma yake yi da nisa. Idan ƙafa ta kauce da digiri 5, a fasin na mita 10 ƙwallo za ta kauce ƙasa da mita ɗaya, wanda miƙa ƙafa ya isa ya gyara. A bugun mita 40 kuwa kaucewar za ta kai mita uku da rabi, wato ta faɗa hannun wani.

Ƙasarmu da Yanayinmu

To, ina dalilin da dogon bugu ya samu gindin zama a filayenmu? Dalili na farko shi ne ƙasar filin. Da yawa daga filayen makarantun wannan yanki ba su da ciyawa: da rani ga rairayi da tsakuwa, ko laka da ta bushe ta tsattsage, da damina kuma ga taɓo. Gajeren fasin a ƙasa yake tafiya, don haka kowane tudu da kwari abokin gabarsa ne.

Bari mu yi misali da alƙaluman da muka ƙaddara don fahimta kawai. A ce ana buƙatar fasin shida a jere kafin a isa gidan abokan karawa. A shimfiɗaɗɗen fili, inda tara cikin kowane fasin goma ke isa, harin zai kammala sau 53 cikin 100. Idan rashin kyan fili ya mayar da su bakwai cikin goma, sai ya faɗo zuwa sau 12 kacal. A irin wannan hali, dogon bugun da ke isa ko da sau uku cikin goma ya fi riba. Ashe ɗan wasan da ke ɗaga ƙwallo sama ba jahilci ke damunsa ba. Filinsa ne ya koya masa lissafi.

Dalili na biyu shi ne tsarin karatu. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, babbar ma haka. Kowace shekara ƙungiya na rasa wasu daga gwanayenta, ga darussa da jarrabawa na cin lokacin atisaye. Wasan miƙa wa juna kuwa sai da sabo da fahimtar juna, shi ya sa mai horarwar da ke shirin gasa kamar NIPOGA, wato wasannin kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya, kan karkata ga tsarin da za a iya koya cikin 'yan makonni.

Amma yanayin da ya ba da dama, shi ne kuma ke karɓewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas. Ƙwallon da ta daɗe a sama ita iska ta fi wasa da ita: a rabin lokaci ta zarce wanda aka nufa, bayan an juya ta dawo wa mai bugu. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Gaskiya ne iska mai zafi ta fi sauƙi; a digiri 40 kaurinta ya gaza na digiri 10 da kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka ƙwallo kan ɗan ƙara nisa. Sai dai jikin ɗan Adam ne ke biyan bashin. Ƙungiyar da ke yawan jefar da ƙwallo ita ke yawan bin ta da gudu, kuma ɗan wasa na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda. Tsarin da aka raina a sanyin Ingila da Nowe na iya durƙusar da ɗalibi a Maradun kafin minti 60.

Akwai kuma batun lafiyar kai. Dogon bugu na ƙara yawan sa wa ƙwallo kai da karo tsakanin 'yan wasa. A 2019 wani bincike na Jami'ar Glasgow ya nuna cewa tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sukotilan sun fi sauran jama'a mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da kimanin ninki uku da rabi. Binciken bai tabbatar da musabbabi guda ba, amma ya sa hukumomin ƙwallo na Birtaniya sun taƙaita sa kai a atisayen yara.

Inda Dogon Bugu Ke da Amfani

A wasan da Nijeriya ta ci Aisilan 2 da nema a kofin duniya na 2018, ƙwallo ta biyu ta samo asali ne daga dogon bugun Kenneth Omeruo, wanda Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya bi da gudu ya wuce ɗan baya da mai tsaron gida. Sharuɗɗa uku ne suka haɗu a wurin: abokan karawa sun hauro gaba sun bar sarari a bayansu, ga mai bugun da ya auna, ga kuma ɗan gaban da ya fi mai tsaronsa gudu. Ba a jefa ƙwallon a kan mutum ba, a sarari aka jefa ta. Idan aka rasa ɗaya daga ukun nan, dogon bugu ya zama kyauta ga abokan karawa.

Kammalawa

Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Dogon bugu makami ne da ya kamata kowace ƙungiyar kwaleji ta mallaka, amma bai kamata ya zama shi ne tsarinta gaba ɗaya ba. Ƙungiyar da ta dogara da shi tana iya cin kofi bana, amma za ta yaye 'yan tsakiyar da suka shekara biyu suna kallon ƙwallo na wuce su ta sama. Makaranta kuwa wurin koyo ce, har a filin wasa.

Mai horarwa ba ya buƙatar na'ura kafin ya san abin da ya dace da 'yan wasansa. Ya sa ɗalibai biyu na sashen lissafi su zauna da littafi a wasa biyar, su ƙirga dogon bugu nawa aka yi, nawa suka isa, nawa suka kai ga bugun raga, su yi haka ga gajeren fasin, su kuma rubuta inda iska ta fuskanta. Sa'an nan hukumar makaranta ta tuna cewa kwashe tsakuwa da baje fili da shebur da manjagara na iya ƙara wa ƙungiya abin da sauya tsarin wasa ba zai ba ta ba.