Yadda ake auna bayanin kayan aikin ƙirƙirarriyar basira

Manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka wakilta ta karɓi kuɗi ko ta duba kaya a sito ba ta ganin cikin kayan aikinta. Bayanin da aka rubuta a kansu kaɗai take karantawa.

Ingantaccen bayani yakan fayyace aikin kowane kaya, lokacin amfani da shi, da ma'auninsa.

Alal misali, tsarin biyan kuɗi na Paystack da kwabo yake lissafi. Muddin bayani bai faɗi haka ba, ɗan kasuwar Idumota a Legas da ya nemi naira 50,000 daga abokin cinikinsa na Kano zai iya tashi da naira 500 kacal.

Don haka ake jarraba bayani da ayyuka na zahiri, a ƙirga kurakuran manhajar, kafin a damƙa mata dukiyar jama'a.