Lita Ta Ƙaru, Ina Man Shanun?

Tun da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya ta ce za ta ninka madarar da Nijeriya ke samarwa daga tan 700,000 zuwa tan miliyan 1.4 cikin shekara biyar, bakin kowa ya koma kan lita: nawa Bunaji ke bayarwa, nawa 'yar Firiziyan za ta bayar. Ba a jin mai tambayar abin da ke cikin litar. Wannan lissafi rabi ne, kuma rabin da aka tsallake shi ne mai wuyar gyara in ya ɓaci.

Madarar shanunmu masu tozo, irin su Bunaji da Bokolo da Azawak, maiƙonta kan kai kashi 5 cikin 100, yayin da na Firiziyan ke tsayawa wajajen kashi 3.7. In aka yi barbara tsakaninsu, karsanar da aka haifa takan faɗo tsakiya, kuma duk ƙarin jinin Firiziyan da aka yi wa zuriyarta ƙasa maiƙon zai ƙara yi. Masana gadon dabbobi sun daɗe da gano cewa kusan rabin bambancin maiƙo tsakanin saniya da saniya daga jini yake, alhali a yawan madara rabon jini bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura na ciyawa ne da ruwa da lafiya. A shekarar 2002 ma an gano wata ƙwayar gado mai suna DGAT1 wadda ke da nau'i biyu: ɗaya na ƙara maiƙo ya rage yawan madara, ɗaya na yin akasin haka. Shanu masu tozo kusan dukansu na farkon suke ɗauke da shi, na biyun kuwa ya yaɗu a garken Firiziyan. A nan gizo ke saƙar. Raguwar maiƙo tana biyo jini ko an so ko ba a so, amma ƙarin litar da aka yi barbarar dominsa sai an saye shi da dusa da harawa da inuwa da maganin kaska. Makiyayin da bazara ta kama ba shi da waɗannan ya yi biyu babu: madara ta tsinke, kuma ba ta ƙaru yadda aka yi masa alkawari ba.

Masu goyon bayan barbara za su ce saniya mai lita 8 da maiƙo kashi 4 ta fi mai lita 2 da kashi 5 tara mai a yini. Gaskiya ne, lissafi ba ya ƙarya, kuma a gonar da ke da abinci da likita har gobe haka yake. Sai dai wannan kyan na 'ya'yan fari ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta shafe gomman shekaru tana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma abin da aka gani a ƙasashe masu zafi iri ɗaya ne: in ruwa-biyu ya hau ruwa-biyu madara takan ja baya, in jinin Turai ya yi rinjaye kuma zafi da ƙirci su kwantar da dabbar. Birazil ba ta sakar wa abin linzami ba. Ta tsayar da irinta na Girolando a kan kaso biyar cikin takwas na Firiziyan, uku na Gir mai tozo.

Asarar kuma ba a kan kamfani take fara sauka ba. Matar ruga ribarta na cikin man shanun da ta kaɗa da kaurin kindirmonta, kuma mai sayen fura da nono ba ya bukatar na'ura kafin ya gane nonon da ya tsinke. Muddin ana sayen madara da lita kawai, ana ba makiyayi lada ne a kan ruwa. Ƙungiyoyin madara na Gujarat a Indiya gwargwadon maiƙo suke biya, shi ya sa manomin can ya san abin da zai duba a jikin karsana kafin ya ajiye ta.

Kafin a ƙara shigo da maniyyin bijimai daga waje, ya kamata ma'aikatar ta sa gwajin maiƙo a kowace cibiyar karɓar madara, ta tsayar da barbarar ruga a rabin jini, ta duba irin Jersey mai maiƙo kusan kashi 5, sannan ta ware garken Bunaji da Bokolo zalla da za a riƙa zaɓen mafi tatsa a cikinsu.