Gidauniya da sunan tsohon shugaba: me kundinta ya ce?

Tun da aka yi jana'izar Muhammadu Buhari a Daura ranar 15 ga Yulin 2025, maganar kafa ƙungiyoyi da sunan manyan da suka riga mu gidan gaskiya ta sake tashi. Har nan garin Damari maganar ta iso. A teburin mai shayi wani matashi ya miƙo mini wayarsa: hoton takardar shaidar wata gidauniya, fuskar wani tsohon shugaba a sama, ƙasa kuma sanarwar a biya kuɗin fom, za a raba taki kafin damina. Ya ce, "Malam, ai mai rajista ce," kamar ya kashe bakin kowa.

Wannan "mai rajista" ɗin ne ke ba ni haushi. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ke ɗauke da sunan shugaba da tambarin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, na gwamnati ne, kuma akwai kason talaka a ciki. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ta gwamnatin jiha ce, wannan gaskiya ne. Amma Gidauniyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 1998 bayan rasuwarsa a kurkukun Abakaliki, ba ma'aikata ba ce. Haka Gidauniyar Murtala Muhammed. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, kuma abin da ke riƙe da akalarsu shi ne kundin tsarin mulkin da suka miƙa wa CAC.

Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Buharin da kansa ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta tanadi abin da kundin zai ƙunsa: sunan ƙungiya, manufofinta, yadda ake naɗa amintattu da yadda ake tuɓe su, yadda ake zaman taro, da yadda ake kashe kuɗi a kuma binciki asusu. Yaro ba ya zama amintacce, haka wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekaru biyar da suka wuce.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne matsayin amintattun nan. Amintacce ba mai dukiya ba ne. Makiyayi ne da aka ba shi kiwo: sanda na hannunsa, shi ke kora shanun rafi, amma ranar kasuwa ba shi da ikon kama bijimi ya sayar ya yi wa ɗansa aure. Ko ka ce uwar adashi, kuɗin kowa na ƙarƙashin katifarta, ba ta da ko sisi a ciki sai zubinta. Ko mai riƙon dukiyar marayu. Sashe na 838 ya ce kuɗi da kadarorin ƙungiya manufofinta kaɗai za su yi wa aiki, ba a raba riba ga mambobi. In ma ƙungiyar ta rushe, sashe na 850 ya ce bayan an biya bashi, abin da ya rage sai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Ba gado ba ne, balle a kira malami ya raba. Ko iyalan shugaban da ake karramawa ba su da tumunin takaba a ciki. Wanda ya san hukuncin waƙafi ba zai ga baƙon abu ba a nan.

Saboda haka in kundin ya ce manufa ita ce gina ɗakin karatu da adana takardun marigayi, to rabon taki bai taso ba, sai an sauya manufar ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Mai sayar da fom ya san ba za ka tambaya ba.

Hukuma ma tana da nata laifin. Kafin a yi rajista, doka ta ce a buga sanarwa a jaridu biyu, a bar kwana 28 ga duk mai ƙorafi. Da Turanci ake bugawa, cikin ƙananan haruffa, a shafin da ko a Funtuwa da wuya ka ga mai buɗe shi. Manomin Sabuwa ko Faskari da rashin tsaro ya hana shi zuwa gonarsa ta nesa, yaushe zai ga wannan? Kwanakin su cika, takarda ta fito, a ce ba wanda ya ce uffan. Da a rediyo ake karanta sanarwar da Hausa, da wasu ba su kai labari ba.

Kafin ka ciro kuɗin masararka, nemi lambar rajistar, ka sa yaro mai waya ya duba ta a shafin CAC na intanet. Sannan ka ce a karanta maka sunayen amintattu da shafin manufofi. In aka ce kundin yana Abuja, mai da kuɗinka aljihu har ya dawo.