Wutar Sassabe da Wutar Rumbu

Manomin ƙasar Rijau ya san wuta iri biyu ce. In bazara ta kama, mutum ya gama sassabe, sai ya tara kara da ƙaya a tsakiyar gonarsa ya ƙyasta musu ashana. Hayaƙi ya turnuƙe, ya shiga idon mai wucewa a babur zuwa Tungan Magajiya, ya yi tsaki, wataƙila har ya yi zagi, amma ba zai kai ƙara gaban mai unguwa ba. Gonar mutum ce, karansa ne. To, mutumin nan dai, da ashanar nan dai, ya kuskura ya ƙyasta ta a gindin rumbun maƙwabci ana iskar hunturu, ranar nan dagaci ba zai ci tuwon dare da zafi ba. Dattawa ba su auna yawan hayaƙi. Abin da suke tambaya shi ne: me wutar ta ci, kuma na wane ne?

Wannan ma'aunin na dattawan ƙauye shi ke gagarar masu mulki duk sanda aka zo batun tuta da bakin jama'a.

Amurkawa sun daɗe suna wannan gardama. A 1984 wani matashi, Gregory Lee Johnson, ya banka wa tutar ƙasarsu wuta a birnin Dalas don nuna ƙin manufofin Shugaba Reagan. Kotun jihar Tekzas ta yanke masa shekara ɗaya da tarar dala 2,000. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe hukuncin, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka ce ƙona tuta faɗin ra'ayi ne, komai ɗacinsa. Har yau maganar ba ta mutu ba, domin a watan Agustan 2025 Donald Trump ya sa hannu kan umarnin a nemi hanyar gurfanar da masu yin haka. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, bayan hamɓarar da Shugaba Bazoum a Yulin 2023, tutar Faransa suka ƙona a Yamai suka ɗaga ta Rasha, ba wanda sabbin masu mulki suka kira maci amana. Ashe darajar ƙyallen tana bin ra'ayin mai riƙe da bindiga ne.

Mu a nan ma ba ƙonawa aka yi ba, ɗagawa aka yi. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, matasa a Kano da Kaduna suka fito da tutar Rasha. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce wannan cin amanar ƙasa ne. Aka kama har da telolin da suka ɗinka tutocin. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, cikinsu da yara ƙanana da suka shafe kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowane ɗaya naira miliyan 10. Yaron da tsadar kwanon masara ta fito da shi titi! Sai da duniya ta yi caa, sannan Shugaba Tinubu ya ce a sake su.

Ban ce ɗaga tutar baƙi wayo ba ne. Ni a ganina wauta ce, don Rasha ba ta taɓa auna wa kowa gero a kasuwar Kontagora ba. Wanda ya fasa shago ko ya ƙona ofis a zanga-zangar nan, a hukunta shi kan shagon da ofishin. Amma tutar ita kanta hayaƙin sassabe ce: ta shiga idon manya, ba ta ci hatsin kowa ba. Ko dokar tuta ta 1960, da take nan har yanzu, tarar naira 100 ta yanka wa mai kafa tutar Nijeriya a yage ko a lalace.

Mutanen Rijau suna da haƙƙin sa baki a wannan zance fiye da kowa, domin sanatan da ya wakilce su, Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa, shi ya kai wa majalisar dattawa ƙudirin hana kalaman ƙiyayya, a 2018, ya sake kai shi a Nuwamban 2019. A cikinsa har da hukuncin rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. A watan ne kuma Sanata Mohammed Sani Musa na Neja ta Gabas ya kawo nasa kan kafofin sada zumunta. Jama'a suka yi musu rubdugu, ba wanda ya zama doka.

A yi wa Sanata Sabi adalci: cutar da ya hango gaskiya ce. Baki yana kisa. A Ruwanda a 1994 gidan rediyo ne ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai kafin adduna su fito. Rijau kuma gari ne da Dukkawa da Kambari da Dakarkari da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, masallaci da coci suna jin muryar juna. Tun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, sau nawa kake jin mutum ya buɗe baki ya ce duk Bafulatani ɗan ta'adda ne? Saƙon murya ɗaya a WhatsApp, a ce an ga wane yana kai wa ɓarayin daji burodi, ya isa a wayi gari ba shi, ba tare da ya ga alƙali ba. Wannan ita ce ashana a gindin rumbu, kuma iska tana kaɗawa.

Inda ƙudirin ya kauce shi ne ya haɗa wutar biyu a buhu ɗaya, zagi da tunzura jama'a su zubar da jini, sannan ya miƙa wa hukumar gwamnati ikon rarrabewa. Mun kuwa ga yadda ake amfani da irin wannan iko. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, kafin gyaran 2024, ya haramta har saƙon da ke jawo ɓacin rai, kuma 'yan jarida da masu sukar manya ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A 2022 an tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda ya yi wa uwargidan shugaban ƙasa ba'a a Twitter. Amma a Yunin 2017, da wata gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta tsaya a Kaduna ta ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, Gwamna El-Rufa'i ya ce a kama su, magana ta shiririce har suka janye wa'adin da kansu. Wanda ya taɓa mutum ɗaya mai iko ya kwana a kurkuku, wanda ya yi wa ƙabila guda barazana ya kwana a gidansa.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa bakin magana, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare lafiya da haƙƙin wasu. Tunzura mutane su yi kisa laifi ne tun a dokar Final Kod da kotunan Arewa ke aiki da ita. Ba dokar muka rasa ba. Duk ɗan majalisar da ya zo Rijau neman ƙuri'a da alkawarin sabuwar dokar kalamai, ku tambaye shi mutum nawa aka hukunta da tsohuwar saboda sun sa an kashe talaka.