Kafin ka ce talabijin ɗinka jabu ne, duba saitin hotonsa

Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi ya sayi talabijin na bango, a ɗaura masa a falo, sai ya zauna kallo ya ga fuskokin mutane sun yi jawur kamar an shafa musu manja, ciyawar filin ƙwallo ta zama kamar fenti, dare kuma in ya yi idanu su riƙa zafi. Daga nan sai zargi ya hau kan mai shago. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta lau, saitin da ta zo da shi daga kamfani ne bai dace da ɗakinka ba. Gyaran kuma ba ya cin ko sisi, rimot kawai kake buƙata da ɗan haƙuri.

Yadda hoton ke haɗuwa

Talabijin ɗin bango da muke kira filasma, yawancinsu ba filasma ba ne, don manyan kamfanoni sun daina ƙera ainihin filasma tun wajen 2014. Abin da ya cika kasuwa yanzu shi ne LCD mai fitilun LED. A bayan gilashin akwai fitilu farare da ke ci muddin talabijin na kunne. A gabansu kuma akwai miliyoyin ƙananan tagogi da ke buɗewa ko rufewa gwargwadon hasken da ake so ya wuce. Kowane ɗigo na hoto, wato fiksel, yana da tagogi uku: ja, kore da shuɗi. Ukun nan sun wadatar ne saboda idon ɗan Adam ma iri uku ne na ƙwayoyin gane launi a cikinsa. Talabijin mai Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla sama da miliyan 2. Mai 4K kuwa 3840 ne da 2160, wato sama da miliyan 8.

To, duk maɓallan da za mu yi magana a kansu ɗayan abu biyu suke taɓawa: ko dai ƙarfin fitilun baya, ko lissafin da ke gaya wa tagogin yadda za su buɗe. In ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Fara da yanayin hoto

Shiga wurin saiti ka nemi inda aka rubuta "Picture Mode". Akwai yiwuwar ka tarar da shi a kan "Vivid" ko "Dynamic". An yi wannan yanayin ne don shago, inda aka jera talabijin barkatai a ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, kowanne yana neman ya fizgi idon mai saye. Idonmu kuwa, in an ajiye masa hotuna biyu gefe da gefe, wanda ya fi haske da ƙyalli yake zaɓa, ko da ɗayan ne ya fi gaskiya. Wasu talabijin ma suna da "Store Mode" wanda ke goge duk abin da ka saita bayan ɗan lokaci. In naka yana yawan komawa yadda yake, duba nan ka mayar da shi "Home".

Zaɓi "Cinema" ko "Movie", ko "Filmmaker Mode" in akwai. Wannan na ƙarshen haɗakar kamfanoni ta UHD Alliance ce ta sanar da shi a 2019, don a nuna fim yadda masu shi suka tace shi. Wannan canji ɗaya ya kashe fiye da rabin aikin. Amma fa da farko za ka ga hoton ya dusashe, ya yi kamar da rawaya-rawaya. Kada ka yi saurin mayarwa, dalilin na nan tafe.

Maɓallai uku da ake rikitawa

Na farko shi ne hasken baya, "Backlight". Shi ne ainihin mai ƙara haske ko rage shi, domin fitilun yake taɓawa kai tsaye. Ba ya ɓata hoto, don haka ɗakinka ne zai faɗa maka inda za ka ajiye shi: da rana a falo mai tagogi ka ɗaga, da dare ka sauke. Zafin idon da ake kuka da shi yawanci daga nan yake, gilashi na ƙyalli a cikin duhu.

Na biyu shi ne "Brightness", kuma sunan nan yana yaudara. A yawancin talabijin ba haske yake ƙarawa ba, matakin baƙi yake saitawa. A tsarin bidiyo na yau da kullum, ana auna hasken kowane ɗigo da lamba, inda 16 ke nufin baƙi ƙirin, 235 kuma fari fat. In ka ɗaga maɓallin nan da yawa, baƙi ya koma toka-toka, hoto ya yi kamar an kalle shi ta cikin hazon hunturu. In ka sauke da yawa, sai lambobin da ke kusa da 16 duk su zama baƙi ɗaya. Wannan ya shafe mu sosai, don fuskar mutum mai duhun fata a wurin da ba haske da yawa a wannan yankin take, kuma ita ce ke fara ɓacewa. Gwajin mai sauƙi ne: tsayar da fim a inda aka nuna dare, ka sauke har baƙi ya yi baƙi, sannan ka ɗaga kaɗan-kaɗan har ka iya bambanta gashin kan mutum da duhun da ke bayansa. A kula, a wasu sababbin talabijin na Samsung da Sony, "Brightness" ne sunan hasken baya, matakin baƙi kuma an ba shi suna "Shadow Detail" ko "Black Level".

Na uku shi ne "Contrast", mai saita matakin fari. Nemi hoton mutum sanye da farar babbar riga. In kana ganin aikin zaren da lanƙwasar yadin, to daidai ne. In rigar ta zama farin fili kawai, ka yi yawa, sauke.

Me ya sa fari ke komawa rawaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ƙarfe ke yi a wuta: ya fara ja, ya koma ruwan lemo, in zafi ya tsananta ya doshi fari. Da zai jure fiye da haka, da sai ya karkata zuwa shuɗi. Da wannan dangantaka ta zafi da launi ake auna irin farin haske, a ma'aunin kelbin. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idar hoton HD da ta fitar a 1990, mai suna Rec. 709, ta ɗauki farin da ke kusa da kelbin 6500, wanda ya yi kama da hasken tsakar rana. A kan wannan farin ake tace launin finafinai da shirye-shirye.

A wurin "Colour Temperature", zaɓin "Warm" ne ya fi kusa da 6500 a yawancin talabijin, "Cool" kuwa yakan kai 9000 ko fiye, wato farin da aka zuba wa bula. To me ya sa na daidai ɗin ke yi maka kama da rawaya? Ai ƙwaƙwalwa ce. Duk farin da ta saba gani shi take ɗauka a matsayin fari, ta auna sauran launuka da shi. Ba ta kwana biyu ko uku ta saba da sabon, sannan ka gwada komawa tsohon, za ka yi mamakin irin shuɗin da ka daɗe kana kallo. Shi kuma maɓallin "Colour", bar shi a tsakiya yadda yanayin sinima ya ajiye shi. Fatar mutum ce ma'auninka, don ido ya san kalarta fiye da komai.

Kaifin da ba na gaskiya ba

Maɓallin "Sharpness" ba ya iya ƙirƙiro abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Abin da yake yi shi ne ya nemo gefen abubuwa, ya ƙara haske ta ɓari ɗaya, duhu ta ɗayan. Daga nesa sai ka ɗauka hoto ya fito raɗau, amma matsa kusa ka dubi rubutu ko gefen kan mutum, za ka ga wani siririn farin zobe ya kewaye shi. Sauke shi har zoben ya ɓace. A talabijin da yawa wannan yana kusa da sifili, a wasu kuma tsakiya ne, in ka wuce ƙasa da haka hoto ya fara dishi-dishi.

Motsin da ya yi santsi da yawa

Ana ɗaukar yawancin finafinan sinima da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya. Talabijin na zamani kuwa yana sabunta fuskarsa sau 50, 60 ko 120 a daƙiƙa. Don cike gurbin, sai ya dubi hotuna biyu na jere ya ƙiyasta na tsakiyarsu, ya ƙirƙira ya saka. Shi ya sa fim mai tsada ke komawa kamar bidiyon biki, kuma in lissafin ya kuskure, sai ka ga hannun mai gudu ya yage ko ƙwallo ta rabu biyu. LG na kiran abin TruMotion, Sony Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus. Abin ya dami masu fim har jarumi Tom Cruise ya fito a wani gajeren bidiyo a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. In fim za ka kalla, kashe. In ƙwallo ce, kana iya barinsa a mataki mafi ƙanƙanta. Masu buga PlayStation kuma su kunna "Game Mode", wanda ke tsallake yawancin wannan lissafi don kada a samu jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa.

Abin da saiti ba zai gyara ba

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In hoton da ke shigowa bai da kyau, ba maɓallin da zai cece shi. Tashar da ba HD ba, a tsarin da muke amfani da shi a Najeriya, ɗigo 720 ne da 576. Ka ga ke nan talabijin mai 4K sai ya baza kowane ɗigo ɗaya a kan gurbin ɗigo 20. Haka nan wayar nan mai kawuna uku, rawaya da fari da ja, ba ta iya ɗaukar hoton HD ko da dikodarka na iyawa. Sa wayar HDMI, sannan ka shiga saitin dikodar ka tabbatar tana fitar da 1080.

Duba kuma girman hoto. Tsofaffin finafinan Kannywood na zamanin kaset an ɗauke su ne a tsarin 4:3, in aka tilasta musu cika gilashin 16:9 sai kowa ya zama gajere mai faɗi. Bar baƙin layin gefe-gefen, ba lalacewa ba ce. In kuma rubutun labarai na ƙasa ko makin wasa na yankewa, nemi "Just Scan" ko "Fit to Screen".

Nisan zama ma yana da nasa. A talabijin mai inci 55, in ka wuce mita 2 da ɗan wani abu, ido mai lafiya da ƙyar yake bambanta Full HD da 4K. Kada kuma gilashin ya fuskanci taga, kuma da dare ka bar ƙaramar fitila a bayansa maimakon duhu dunɗum.

Ribar da ta wuce kallo

A talabijin na LCD, fitilun baya ne suka fi komai shan wuta. Ga mai amfani da sola ko inbata, sauke su yana nufin batir zai ƙara jimawa. Sannan zafi ne ke tsufar da fitilun LED, kuma ɗaya daga cikin matsalolin da masu gyara suka fi gani ita ce talabijin na magana amma gilashi baƙi, wato fitilun sun mutu. Masu gidajen kallon ƙwallo, da talabijin ke wuni a kunne, su suka fi buƙatar kiyaye wannan. Inda za ka bar hasken a sama shi ne in kana kallon bidiyon HDR, don shi da hasken aka tsara shi.

Ka tuna cewa talabijin da yawa suna ajiye saiti daban ga kowace ƙofar HDMI, don haka sai ka maimaita a kowacce. Kada ka ji tsoron gwaji, in abu ya rikice akwai "Reset" da zai mayar da komai yadda yake. Wuri ɗaya ne za ka bar wa masu gyara: ɓoyayyen shafin saitin injiniyoyi da ake shiga da lambobin sirri, don kuskure a can yana iya hana talabijin aiki gaba ɗaya.