Kartar Whot: Tsakanin Nufin Mai Ƙira Da Muradin Mai Wasa

Duk wanda ya taɓa zama da la'asar sakaliya a gindin mangwaro a Zonkwa, ko a bakin shagunan da ke daura da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda samarin Bajju da Atyap da Hausawa ke kewaye benci guda suna buga kartar Whot don nishaɗi, ba don caca ba, ya san cewa ba a raba kati sai an fara warware mas'ala guda: da wace doka za mu buga?

Asalin wasan na Ingila ne. William Henry Storey ne ya ƙago shi, aka yi masa rajista a 1935, daga bisani kamfanin Waddingtons ya karɓi buga shi. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai: siffofi 5, da'ira da alwatika da giciye da murabba'i da tauraro, kowa ya ajiye abin da ya dace da na ƙasa a siffa ko a lamba, katin Whot mai lamba 20 kuwa ya ba mai shi ikon neman siffar da ya so. To, da wasan ya iso ƙasar nan, sai masu wasa suka yi nasu ijtihadin, suka ɗora wa wasu lambobi hukunci: 1 ta tsayar da abokin wasa, 2 ta sa shi ɗaukar biyu, 5 ɗaukar uku, 8 ta tsallake shi, 14 kuwa ta kora sauran masu wasa duka kasuwa, wato su ɗauki kati daga tarin da ba a raba ba.

Dalilin haka, a ganina, shi ne kati takarda ce, ba ta da alƙali a cikinta, mai ƙira kuma yana can bayan teku; ga shi jama'armu ba su ɗauki wasa wurin yin shiru da lissafi kaɗai ba, suna son inda za a yi ramuwa, a yi shewa, wanda ya kusa fita a mayar da shi baya. Gari irin Kafanchan kuwa, wanda ya zama mahaɗar layukan dogo tun 1927, ya tara mutanen kudu da na arewa, kowa da al'adar garinsu, wajibi ne dokoki su cuɗanya a cikinsa.

Fa'idar wannan ijtihadi ba ta ɓuya, domin wasan da ya dushe a mahaifarsa ya rayu a nan har yara da yawa na zaton namu ne tun kaka da kakanni. Amma akwai illa, kuma ban raina ta ba. Sau nawa zama ya watse a kan ko ana iya kare 2 da wata 2, ko kuwa ya halatta mutum ya fita da katin hukunci? Na ga abokai biyu sun kwana ba sa ga-maciji a kan wannan, alhali kowannensu yana da gaskiya bisa urufin garinsu.

Yanzu da wasan ya koma cikin waya, kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas suna fitar da nasu, mas'alar ta komo hannun mai ƙira, tun da na'ura ba ta san sulhun gindin mangwaro ba, abin da aka rubuta mata shi take zartarwa. In ya kafe a kan doka guda, ya kori rabin jama'a. In kuma ya buɗe ƙofa kowa ya sauya abin da ya ga dama, sai baƙi biyu su haɗu ta intanet kowa na buga wasa dabam.

Malamanmu sun daɗe da rarrabe usuli da furu'a, wato tushe da rassa, kuma wannan mizani ya isa a nan. Dacewar siffa da lamba, da ikon katin 20, su ne usuli, mai ƙira ya riƙe su kada ya saki. Hukuncin 5 da 8 da kare kati furu'a ne, a bar wa masu wasa su zaɓa. Kirana ga matasanmu masu koyon ƙirar manhaja shi ne su nuna waɗannan zaɓuɓɓuka a fili, ɓangarorin biyu su yarda da su, tun kafin a raba katin farko.