Siminti da kwano: kantin da ke cin ribar mai shi

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, duk wanda ya shiga kantin siminti mai rufin kwano a Maraɗi ko Damagaram da misalin ƙarfe 2 na rana ya san abin da ake kira bazara. A waje zafi ya haura digiri 40, wata rana ma ya taɓa 45; a ciki kuwa kwanon da ya sha rana tun hantsi yana juye ta bisa kan mai kaya da mai saye. A kunna fanka, fanka ta riƙa juya iska mai zafi. In mai hali ne ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, ƙarshen wata kuma takardar kamfanin Nigelec ta iso. Ranar da aka aza harsashin kantin an lissafa buhunan siminti, da ƙarfe, da bandir na kwano, da ladan magina. Wannan takarda ce kaɗai ba ta shiga lissafi ba, alhali ita za a yi ta biya shekara 20 ko 30.

Kuma wutar ma ba a hannu take ba. Kafin shekara ta 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nigelec ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa, wanda ke shayar da Maraɗi da Damagaram. A farkon watan Ogusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar, ba ta maido ta ba sai cikin watan Maris na 2024. A waɗannan watanni ƴan kasuwa suka ga irin ginin da suka yi wa kansu. Mai sayar da magani, da mai ɗinki, da mai buga takardu, kowa ya koma ga injin gurup da jarkar mai, wanda ba shi da hali kuma ya fito da benci ƙarƙashin bedi ya bar kanti a buɗe.

Dalilin zafin ba wani asiri ba ne. Kwano da bulon siminti mai rami ba su da kauri, nan da nan rana ke ratsa su. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana shan zafi a hankali duk wuni, ba ya sakinsa sai dare ya raba, lokacin da iska ta yi sanyi aka buɗe tagogi. Maginan Birnin Damagaram ba su karanta wannan a lakkwal ba, amma sun san shi a hannu: bango mai faɗi daga ƙasa, taga ƙarama, soro mai tsawo da bakan gizo, indararo mai jefa ruwa nesa da gindin gini. Masana na ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan gaskiya ne, sai dai ɗan kasuwar Tawa ba ya buƙatar hujjar duniya. Littafin shigarsa da fitarsa ya ishe shi.

To, me ya sa aka guji ƙasa? Dalili na farko yana cikin harshen ofis. A takardun gwamnati da na masu kwangila, siminti da ƙarfe su ne ake kira da Faransanci «matériaux définitifs», wato kayan gini na dindindin, ke nan ƙasa ta zama abin wucin gadi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta a ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Wucin gadin nan dai ya daɗe. Dalili na biyu shi ne ido: alhajin da Allah ya buɗa wa, in ya yi ginin ƙasa, sai a ce ko kasuwa ta juya masa baya. Na uku kuwa ya fi su nauyi. Rufin soro na buƙatar azara, azara daga giginya take, giginyar Dallol Mawri ta wajen Gaya kuma ba ta tsiro da saurin da garuruwa ke faɗaɗa. Da azara ta yi tsada, kwano ya samu ƙofa.

An daɗe da samo maganin wannan na uku. A 1980, a Cikal ta yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina abin da aka sani da «gini ba katako»: rufi mai baka da ƙubba, na tubalin ƙasa zalla, bisa dabarar da aka aro daga Nubiya ta kogin Nilu. Ba azara, ba kwano, ba ƙarfe. Daga baya aikin ya kai Iferwan da wasu sassan ƙasar, aka gina ofisoshi da ɗakunan ajiya da gidajen kwana. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi, hujjar wannan gini ta ƙara fitowa fili. Duk da haka ya fi zama a karkara da harabar ƙungiyoyin agaji, bai shiga layin manyan kantuna ba.

Misalin da ya fi kusa da ƴan kasuwa yana jahar Tawa. Can ne Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginin masallacin Yama a 1962, ginin ƙasa da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Dandaji. A 2018 Mariam Issoufou Kamara, ƴar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka mai da wannan tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi. A shekarar ne kuma ofishinta ya kammala kasuwar Dandaji. Rumfunan na bulon jar ƙasa ne da ake matsewa a inji, a sa masa siminti kaɗan, ba a gasa shi. An jera su kewaye da tsohuwar itaciyar da kasuwar mako ke ci ƙarƙashinta tun da. Tun da yake itace na da wuyar tashi a wurin, sai aka kakkafa fayafayan ƙarfe masu launi, wani sama da wani, suna ba da inuwa iska kuma na ratsawa tsakaninsu. Kasuwar mako ta samu wurin ci kullum, kuma sanyinta bai rataya ga waya ba. Kafin nan, a 2016, an yi amfani da irin wannan bulo a gidaje 6 na «Niamey 2000» cikin babban birni, abin da ya nuna cewa ƙasa na ɗaukar bene.

Sai dai kada a rufa wa ƙasa asiri fiye da kima: ruwa abokin gabarta ne. A farkon watan Satumba na 2024, cikin daminar da ta rusa dubban gidaje a faɗin ƙasar, tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Ginin ƙasa na son harsashin dutse ko siminti da ya ɗaga shi sama da hanyar ruwa, yana son indararo mai aiki da yaɓe kafin kowace damina. Wanda ya san ba zai kula da yaɓe ba, gara ya tsaya ga simintinsa. Kuma wanda ya gina a cikin kwari, ko da me ya gina, ruwa zai same shi.

Akwai wani ƙulli da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa wanda ya gina kanti ba shi ke zama cikinsa ba. Mai gida na neman ginin da zai ƙare da wuri ya fara karɓar haya, ɗan haya ke biyan wuta, don haka ba mai ribar ƙara kaurin bango. A ma'aikatun gwamnati abin ya fi haka: ɗan kwangila ya gina, baitulmali ya biya lantarki, ma'aikaci kuma ya tafi sallar Azahar ya bar na'ura na aiki ƙofa a buɗe. Abin takaici shi ne Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, inda aka ƙera tukwanen dafuwa da na ɗumama ruwa masu aiki da rana tun duniya ba ta damu da zancen ba.

Yau fayafayan sola sun cika kasuwa, gwamnati ma ta kafa tashar megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta megawat 30 a Goru Banda a 2023. Amma aza sola bisa kantin da ke tafasa kamar zuba ruwa ne a kwando: yawan zafin ɗaki, yawan faifai da batir da za a saya, ga ƙurar hunturu da ke rage ƙarfinsu in ba a gogewa. Ga wanda ya riga ya gina, aikin farko ya fi wannan araha. A sa silin ƙarƙashin kwano, a bar kafa tsakaninsu don iska mai zafi ta fita. A shafa wa rufin farin fenti. A yi baranda ko rumfa a bangon yamma, inda ranar la'asar ke bugu. A dasa bedi biyu a ƙofa. Bayan an yi waɗannan ne ya kamata a kira mai sola ya auna abin da ya rage.